Jatau a Ƙarƙashin Madubin Tsaunin Garangarma

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya watsa mata taurari bai gaya wa kowa adadinsu ba. Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku, in faɗa muku inda ƙafata ta taka, da abin da hancina ya shaƙa, da ɗan abin da idona ya samu gani.

Sunana Jatau ɗan Nomau, mutumin Kwarin Gamji, a ƙasar nan da ke da wata biyu a sama, fari da ja. Sana'ata gugar gilashi. Ni nake yi wa tsofaffin garinmu tabarau, don su daina durƙusa wa turmi suna tsammanin suruki ne. Ina shekara ta ashirin a wannan aiki wani falke ya ba ni labarin Tsaunin Garangarma. Ya ce a ƙolinsa malamai sun kafa madubin hange mai faɗin masussuka, wanda duk ya leƙa ta cikinsa yakan ga taurarin da ido bai taɓa sanin da zamansu ba. Tun daga ranar tuwo ya daina yi mini daɗi. Na ce ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan gilashin da bai fi tafin hannu ba, ba zan mutu ban sa idona a wannan madubi ba ko sau ɗaya ne. Na ɗaure kayan aikina, na cika buhu da wake don guzuri, na aza wa jaki, na yi gabas.

Bayan tafiyar wata guda na iso Birnin Dusa. A ƙofa masu gadi suka tambaye ni inda na nufa. Na ce, "Kallon taurari za ni." Ban rufe baki ba suka yi ram da ni, suka kai ni gaban Magajin gari.

Magajin nan tsoho ne, idonsa ya dushe tun yana saurayi, amma bai taɓa yarda ba. Da yake ba ya ganin taurari, sai ya kafa doka cewa babu su, wanda duk ya ce akwai, maƙaryaci ne, a aske masa gira a sa shi sharar kasuwa har ya mutu. Ya juya fuskarsa wajen wani tulu da ke gefena, ya daka masa tsawa.

"Kai baƙo! Kai ne mai taurari?"

Na matsa kusa da tulun don kada in ba shi kunya, na ce, "Ranka ya daɗe, santsin baki ne. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da adon fuska irin wanda manyan gabas suke sawa. Ga guda na kawo maka gaisuwa."

Na zaro tabarau mafi kauri a jakata na ɗora masa a hanci. To, ashe shekara talatin fadawansa suna yi masa gwalo a gabansa, bakinsu na cewa ranka ya daɗe. Ko a wannan lokaci Waziri ya zaro harshe har haɓa, Ma'aji yana kwaikwayon yadda Magaji yake tauna, wani kuma ya miƙe ƙafa a kan buzun sarauta yana cin gyaɗa. Magaji ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Waziri bai ankara ba, ya ƙara da murguɗa baki.

"Waziri," in ji Magaji, "harshen nan naka ciwo yake yi ne?"

Abin da ya biyo baya ban tsaya na ga ƙarshensa ba. Na dai ji ƙarar sanda da ihun dattawa. Na bi ta tsakanin ƙafafuwan masu gudu, na kwance jakina, muka fice ta ƙofar gabas da girata cikakkiya.

Na ƙara kwana arba'in kafin in iso gindin Garangarma. Tsauni ne a miƙe kamar bango, jaki ba ya hawansa. Mutanen wurin suna kiwon hawainiya masu girman bijimi, su ake ɗaura wa sirdi. Na bar jakina a wurinsu, na ɗaure buhun wakena a bayan wata, na hau. Jama'a, kada Allah ya haɗa mai gaggawa da wannan dabba. Takan ɗaga ƙafa, ta yi gaba, ta yi baya, ta yi shawara da zuciyarta, sannan ta taka. Ido ɗaya na duban hanya, ɗaya na dubana. Launinta kuma yana bin halin mahayi, saboda haka duk lokacin da na leƙa ƙasa sai ta koma fari fat, mutanen ƙauyukan da muke wucewa su fito suna cewa, "Ga wani matsoraci nan tafe." Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka.

A ƙoli na tarar da hasumiya ba rufi, da 'yan ɗakuna kewaye da ita. Wadda ta fara tarbata wata dattijuwa ce, gajera, kakkaura, da muciya a hannu. Ita ce Inna Tabawa, mai dafa wa kowa abinci a wurin, kuma yayar shugaban malamai. Ba ta amsa sallamata ba sai da ta shinshina buhuna.

"Wake ne wannan?"

"Wake ne, Inna."

Idonta ya ciko da hawaye. Ta ce shekara tara rabonta da ganin wake, don ba ya fita a kan tsaunin. Na ce na ba ta duka. Ta ɗauki buhun da hannu ɗaya, ta ƙwala kira, "Cindo! Fito ka ba yaron kirkin nan aiki." Ni kuwa lokacin furfura ta fara fito mini.

Shehi Cindo ya fito, dogo, da gemu har ƙirji. Duk malaman wurin in ya wuce sai sun rusuna, amma a gaban yayarsa murya ƙasa yake magana. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce, "Leƙe ba a yin sa haka nan. Sai wanda ya shekara bakwai yana tallafar madubi." Ya kama hannuna ya kai ni ciki.

A nan na ga abin da falke bai iya kwatanta mini ba. Ashe ba a iya narka gilashi ɗaya mai wannan faɗi, sai aka yi shi ƙwarya talatin da shida, kowace kamar babban faifai, aka jera su gefe da gefe. A ƙarƙashin kowace ƙwarya akwai mutum kwance rigingine a kan tabarma, yana riƙe da igiyoyi uku. Shehi ya ce iskar da ke tsakaninmu da sama ba ta zama wuri ɗaya, kullum rawa take, ita ke sa taurari ƙyaftawa. Saboda haka malami yakan zauna can sama a bakin bututun leƙe, in ya ga tauraruwa ta karkata ya gaya wa makaɗi, makaɗi ya faɗa da kalangu, na ƙasa su ja igiya daidai da rawar iskar, har tauraruwa ta tsaya cak. Mai ƙwarya ta talatin da shida shaƙuwa ta kama shi kwana arba'in, duk tauraron da aka duba sai ya yi ta tsalle kamar kwaɗo, dole aka sallame shi. Aka ba ni tabarmarsa.

Haka na yi tafiyar wata uku don in ga sama, na ƙare ina kallon bayan madubi.

A wannan shekara malaman sun duƙufa kan wata tauraruwa da suke kira Tozali, wadda ba ta fitowa sai gab da asuba. Washegarin zuwana, muna kwance muna jan igiya, sai muka ji Shehi ya yi salati daga sama. Tozali ta dushe. Ta yi kamar za ta mutu, can gari na wayewa ta ɓace a haka. Kashegari ma haka, da wanshekare.

Malamai suka rabu biyu. Shehi Cindo da mutanensa suka ce tauraruwar ce ta tsufa, manta ke ƙarewa kamar fitila. Abokin hamayyarsa, Malam Kwasau, wani siriri mai yawan nuni da yatsa, ya ce wata dabba ce a sama take lasarta kowace asuba, har ya zana kamanninta da ƙafa takwas. Aka cika takardu, aka daina gaisawa, aka ja gemu sau biyu. Abu ɗaya ke haɗa su: da gari ya waye kowa ya sauko ya ci ƙosan Inna Tabawa, wanda ta fara soyawa da wakena, ta kuma aika ƙasa a riƙa kawo mata wani.

A kwana na ashirin Malam Kwasau ya ga dabbarsa ba ta samun mabiya, sai ya sauya magana. Ya tara jama'a ya ce, "Ku duba takardu. Yaushe Tozali ta fara dushewa? Ranar da wannan baƙo ya kwanta a ƙarƙashin madubi. Ko hannunsa ne bai iya ba, ko ƙafarsa ce ba ta da kyau." Aka duba, aka ga haka ne. Dokar wurin kuwa, wanda ya ɓata madubi a ganga ake sa shi, a mirgino shi gangare. Na tuna tsawon da hawainiya ta kwana goma sha ɗaya tana hawa.

Na faɗi gaban Shehi na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni kwana uku." Ya ce ya ba ni. Kafinta kuma ya zo ya gwada tsawona da faɗina.

Asubar farko na kwanta a tabarmata, ba abin da nake gani sai katako da igiya. Da yake ido ba shi da aiki, sai na saki hanci. Can na ji ƙamshin mai ya fara tashi, sannan na albasa, sannan cuuu, ƙullu ya faɗa kasko. Ban gama haɗiye yawu ba Shehi ya yi kuwwa daga sama, "Ta fara!" Asuba ta biyu na ƙirga: daga cuuu zuwa "ta fara," numfashi goma sha biyu. Da aka tashi na zagaya bayan hasumiya. Inna ta kafa murhunta a jikin bango don ya tare mata sanyi, daidai ta gefen da iskar asuba ke fitowa. Hayaƙi da tururin mai suna hawa bango, su bi ta bakin madubi, su wuce.

Na gane ashe Malam Kwasau bai yi ƙarya ba, ni na jawo da wakena. Amma wa zai tsaya gaban jama'a ya ce ƙosan Inna Tabawa ne ya makantar da tauraruwa? Wanda ya faɗa, ganga ma sauƙi ce a gare shi. Kuma ko na faɗa, sai an ga asubar da ba suya kafin a yarda. Na yi ta juya abin, har na samo dabarar da har yau in na tuna nake neman gafara.

Na same ta tana surfa wake, na tsuguna na ce, "Inna, sannu da aiki. Ni dai ban ji daɗin maganar da ake yi ba."

"Wace magana?"

"A'a, bari kawai. Ba na son haɗa ki da ƙaninki."

Ta ajiye taɓarya. "Faɗi."

"Cewa ya yi wai ƙosanki in aka jefi kare da shi sai ya karye. Malam Kwasau kuma ya ce ai gishirin ma rowarsa kike."

Ta kife kasko, ta zuba wa murhu ruwa, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Asuba ta uku ba wuta, ba hayaƙi. Mutum talatin da shida muka kwanta da sanin ba karin kumallo, cikinmu ya yi ta ƙugi har ƙwaryoyin madubi suna karkarwa, makaɗi ya yi ta zaginmu da kalangu. Amma Tozali ba ta dushe ba. Ta yi ta haske har rana ta kore ta. Shehi ya sauko yana cewa tauraruwa ta warke. Malam Kwasau ya ce dabbar ce ta ƙoshi. Ni kuwa na miƙe na ba da labarin numfashi goma sha biyu, na kai su bayan hasumiya na nuna musu baƙin da hayaƙi ya shafa wa bango tun daga murhu har baki.

Malam Kwasau ya naɗe zanen dabbarsa a hankali ya tura a aljihu. Sai ga Inna Tabawa ta fito da matsamin ƙosai a hannu, ta nufi Shehi.

"Cindo, ni ka ce ƙosaina na karya kare? Ni da na goya ka?"

"Wallahi Yaya ban faɗa ba! Wa ya gaya miki?"

Ta juyo ta dube ni. Sau uku muka zagaya hasumiya, ni a gaba ita a baya, malamai sun dare suna ba mu hanya. A zagaye na huɗu na ga gangar da aka sassaƙa domina, na faɗa ciki na ja murfi. Ta yi ta dukan gangar har hannunta ya gaji, sannan ta zauna a kai tana haki.

Daga ciki na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Da ban yi haka ba, da yanzu ina can ina gangarawa."

Ta ce, "To, na ji. Amma tauraruwar nan da aka ce na tsone wa ido, sai na gan ta. Cindo, gobe ni zan hau."

Shehi ya fara cewa, "Yaya, ai doka ta ce shekara bakwai..." Ta ɗaga matsami, ya ce, "Ai ke kin fi shekara bakwai kina tallafar masu tallafa."

Aka mai da murhu can bayan dutse, inda iska ke kwashe hayaƙi ta yi kwari da shi. Inna ta koma yin suya bayan fitowar rana, asuba kuma ta hau hasumiya ta zauna a bakin bututu, ta hana kowa. Malamai suka koma leƙe in ta tashi miƙe ƙafa. Ana nan, ran nan sai ta ce, "Yau ta ɗan yi duhu."

Shehi ya leƙa ya ce, "Yaya, ba abin da ya same ta."

"Shekara arba'in ina duban kasko," in ji ta. "Ina gane ƙosai ya nuna tun bai san ya nuna ba. Na ce maka ta yi duhu."

Ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya musa a fili. Ita kuwa ta samo ƙoƙo, kowace asuba ta jefa farin wake ɗaya, ranar da ta ga duhun ta jefa baƙi. Bayan wata biyu ta juye ƙoƙon a gaban malamai a jere yadda ta tuna: fari takwas, baƙi ɗaya, fari takwas, baƙi ɗaya, ba kuskure. Malam Kwasau ya ce wataƙila kowane kwana tara wani ne ke ɓoyewa yana gasa masara.

Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai yadda za a gane. Kusa da Tozali ba akwai wata 'yar tauraruwa ba? In hayaƙi ne, ba zai zaɓa ba, duka biyun zai rufe. In Tozali kaɗai ta dushe, to abin can sama yake."

Shehi ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce in haka ta tabbata, to wani dunƙulallen abu ne yake gittawa ta gabanta, kamar yadda ƙwaro ke gitta fitila. Abin da kuwa ke dawowa kowane kwana tara ba fashi, kewaya ta yake yi. Sannan ya ce a hankali, "Wata duniya ke nan, Tozali ce ranarta."

A asubar baƙin wake ta gaba aka kashe kowace wuta a kan tsaunin, aka sa Malam Kwasau da kansa ya zagaya yana shinshina ɗakuna. Na shimfiɗa tabarmata na kama igiya, sai na ji Inna ta leƙo daga sama.

"Jatau, taso."

"Inna, saura shekara shida da rabi."

"Na ce taso. Cindo, je ka riƙe masa."

Shugaban malaman Garangarma ya naɗe gemunsa a cikin riga, ya kwanta rigingine a tabarmata. Na hau matakala, na sa idona a bututu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da farko raina ya ɓaci. Ɗigo biyu na gani, babba da ƙarami, kamar ƙwayar gero da ta acca a kan baƙin zane. Na ce a raina, wannan na baro gida domin shi? Kalangu na ta magana, igiyoyi na ta ƙara a ƙasa, ɗigon suka tsaya cak, ba ƙyaftawa. Na daɗe ina kallo. Sai babban ya fara ragewa, kaɗan ƙwarai, kamar mutum ya sauke murya. Ƙaramin kuwa yana nan yadda yake. Wani abu mai girman ƙasa da tekunta yana wucewa a can, ba ya sauri, bai san da mu ba.

Na ce, "Ta fara." Sai da na maimaita makaɗi ya ji, ya buga wa na ƙasa. Mutum talatin da shida suka yi ta kabbara a kwance, ba wanda ya saki igiyarsa.

Malamai suka hau ɗaya bayan ɗaya suka gani. Kafin rana ta fito an fara sabon faɗa kan sunan da za a sa wa duniyar. Malam Kwasau ya ce shi ya fara cewa akwai abu a can, ƙafafuwa kawai ya yi kuskure. Ni dai na zauna a matakala kusa da Inna, ina share ido da hannun riga.

Na ce, "Inna, kina ganin akwai mutane a cikinta?"

Ta yi ɗan tunani, ta ce, "In akwai, Allah ya ba su mai dafa musu. Tashi ka hura mini wuta, ƙulluna zai yi tsami."

Na tashi na hura. Shekara goma sha ɗaya na yi a kan tsaunin nan, ina goge ƙwaryoyin madubi da rana, ina hura wuta da safe, kuma a takardun malamai har yau sunan duniyar nan Tabawa, don ba a samu wanda ya iya kawo wani suna a gabanta ba.

Iyakar abin da na gani ke nan, na kuwa sauke muku shi yadda na ɗauko. Wanda ya ji ya yarda, Allah ya ƙara masa hasken ido. Wanda bai yarda ba, tsaunin yana nan gabas, ya je ya nemi hawainiya.